Iya Halo da Allin Auta

Ba Halo iyayenta suka raɗa mata ba, aiki ne ya liƙa mata sunan, kuma ya bi ta har tsufa. A zamanin da ƙafafunta ke ɗaukarta ba sanda, ita ce mai haɗa waya a wani babban asibiti. Ɗakin aikinta ɗan ƙarami ne a ƙarƙashin matakala, babu taga, sai fanka mai kukan tsufa da wani allo a gabanta cike da ramuka da ƙananan fitilu. Fitila ta kama, ta ce “Halo,” ta jawo igiya ta cusa a ramin wanda ake nema. Likita ba ya samun ɗakin magani sai ta hannunta, mai jinya ba ya jin muryar gida sai ta hannunta. Don haka ɗan ɗakin nan bai taɓa rabuwa da mutane ba. Wannan yana jiran kira, wancan yana roƙon a nemo masa matarsa, wata kuwa kofin shayinta kawai ta ɗauko ta zo gulma. Ita kuma bakinta ba ya hutawa: “Ku matsa min in sha iska, jama'a! Nan kasuwa ce?”

Sai wata shekara aka turo ma'aikata da tsani da naɗin waya, suka bi asibitin ofis-ofis, kowa aka ja masa layinsa. Ba a kore ta ba. Wallahi da korar aka yi da ya fi mata sauƙi. Barin ta aka yi a ƙarƙashin matakala, gaban allon da fitilunsa suka daina kamawa, har lokacin ritayarta ya yi. Babu wanda ya yi mata laifi. Ana gaishe ta a hanya, ana tambayar ta yara. Shigowa ce dai aka daina, tunda babu abin da zai kawo mutum. Iskar da ta yi ta nema ta samu har ta ishe ta.

Yanzu tana zaune a gidan da marigayi mijinta ya gina, tare da ɗanta na ƙarshe, wanda har ya yi furfura a gemu ba a daina kiransa Auta ba. Akwai matarsa Malama, mai koyarwa a makarantar sakandare, da babbar 'yarsu da aka sa wa sunan tsohuwar, ana ce mata Takwara, sai 'yan biyu mata waɗanda ba a kiransu sai a haɗe. Gidan dogo ne, baranda ɗaya ta ratsa cikinsa, ɗakuna sun jeru a gefe. Marigayi kuwa mutum ne da bai yarda da siririn bango ba. Duk bangon da ya ɗora, ko ihu ka yi a bayansa ba a jin ka.

Ɗakin Iya Halo shi ne na farko, tagarsa na kallon titi. Ranar da aka kawo wa gidan intanet, ta wannan taga layin ya shigo, sai masu aikin suka ɗora akwatinsu a kan durowarta suka tafi. Ɗan baƙin akwati ne mai ƙahoni a tsaye, ita ta sa masa suna Mai Ƙaho. To, bangon marigayi ya ƙi barin sabis ya wuce. A ɗakin Iya yana nan cike. A baranda sai ka ɗaga wayarka sama kamar mai neman lada. In ka kai ɗakunan baya kuwa, ka haƙura kawai.

Shi ke nan, gida gaba ɗaya ya tare a ɗakinta. Malama ta kafa kujerar roba a bakin taga, nan take duba aikin ɗalibanta. Takwara tana kwanciya a ƙarshen gado da kwamfuta a kan ciki, abin ji a kunne, tana karatun da take yi daga gida. 'Yan biyu suna baje a kan kafet suna faɗa a kan waya ɗaya. Auta in ya dawo da yamma sai ya zube a ƙasa, ya jingina da gadon, yana latsa tasa har kansa ya fara rinjaya. Ba hira suke yi da ita ba, kuma ba ta yaudarar kanta, ta san ba don ita suke zuwa ba. Amma in ta yi tari, wani zai miƙo ruwa ko bai ɗago kai ba. In lokacin magani ya yi, Malama za ta ce, “Iya, kun sha na rana kuwa?” Akwai ƙafar da za ta make in ta taɓa ta, akwai wanda za ta ce wa ya gyara zama. Wannan ya ishe ta, kuma da shi take rayuwa.

Sai dai baki, halin da ba ya tsufa. Duk baƙon da ya zo sai ta kai masa ƙara. “Kin gan ni nan, ɗakina ya zama tasha. Mutum ba shi da damar ya miƙe ƙafa. Barcin rana? Tabɗi! Rabona da shi tun zuwan Mai Ƙaho.” Tana faɗa tana harara, zuciyarta kuwa fari ƙal. Kowa a gidan ya san yadda ake jin maganar Iya, a yi dariya a ci gaba da zama. Kowa ban da Auta.

Auta mutum ne mai ɗaukar magana yadda aka faɗe ta. Gyaran kwamfuta yake yi a wani ofis, yini yake a durƙushe ƙarƙashin teburan mutane yana laluben kebul, sannan ya sha doguwar tafiya a bas ya dawo gida kamar an yi masa duka. Asabar kaɗai yake da ita. Wata Asabar da hantsi sai ga shi ya shigo ɗakin uwarsa da tef ɗin awo a aljihu da sandar alli a bayan kunne.

“Iya, na gama shawara. Zan raba ki da wannan wahala.”

“Wace wahala?”

“Ta cinkoson nan mana. Kebul zan ja ta cikin silin, ya sauka a kowane ɗaki. Kowa da soket ɗinsa a bango, da ɗan ƙaramin akwati saboda wayoyin hannu. Shi kuma Mai Ƙahonki in mayar da shi sito, can kusa da kicin, duk su haɗu a can. Kowa ya zauna a ɗakinsa. Ki samu ki huta, ki yi barcinki.”

Ai ta san wannan labari, ta ga tsanin, ta ga naɗin wayar, ta san abin da ke biyo baya. Ta dubi fuskar ɗanta, idanunsa jajur don gajiya, yana jiran ta yi murna. Me za ta ce? Ta ce duk ƙorafin da ta shekara tana yi a gaban baƙi ƙarya ne? Ta ce tsohuwa kamarta tsoron ɗaki shiru take ji? Bakin ya ƙi.

“To,” in ji ta. “Allah ya yi albarka.”

Auta ba ya zane a takarda, a jikin gini yake shirinsa, haka ya koyi aikin. Yinin ranar ya bi gidan da tsani, yana ƙwanƙwasa bango da yatsa, yana aunawa, yana zana ɗan gicciye a inda zai huda, da dogon layi a inda kebul zai bi, da kibiya a inda zai juya. Kafin la'asar baranda ta cika da farin rubutu kamar allon makaranta. Ya tsaya yana kallon aikinsa, ya ce Asabar mai zuwa zai ara injin huda bango.

Ranar Litinin da safe gida ya watse, masu makaranta sun tafi, masu aiki sun tafi, Takwara ta shiga wanka. Iya Halo ta jiƙa tsumma, ta ɗaura shi a kan sandarta, ta fito baranda tana dafa bango. Kada ka ɗauka aiki ne mai sauƙi. Macen da zuwa banɗaki ma sai ta yi shawara da gwiwoyinta, ita ce ta tsaya tana ɗaga sanda sama da kanta. Ta goge gicciye ɗaya, ta huta. Ta goge rabin layi, ta jingina tana haki. Ba ta goge duka ba, ba sakarya ba ce. Na wajen kwana ta goge, da na saman ƙofofi, waɗanda in babu su sauran ba su da amfani. Ta koma ta kwanta, kafaɗarta na zugi har dare.

Asabar ta zo, Auta ya dawo da injin aro, ya tsaya a baranda baki buɗe. Ya sake hawa tsani, ya sake awo, yini ya tafi, ya mayar da injin ko jona shi bai yi ba. Mako ya zagayo, alli ya sake ɓacewa. Da farko danshin bango ya zarga. Daga nan ya koma kan 'yan biyu, suka rantse har da kuka, kuma da ya duba ya ga hannunsu ba ya kaiwa wurin. Sai abin ya faɗa kan Malama.

“Ke da sharar nan taki! Na ce kada a taɓa bango!”

“Ni? Yaushe na samu lokacin share ƙasa, balle bango? Ka gan ni da tsani?”

“To aljanu ne?”

“Oho maka. Ka tambayi allinka.”

A bakin ƙofar Iya aka yi wannan, tana kwance ta juya wa ƙofa baya kamar mai barci. Kunya ta kama ta har cikin ƙashi. Ranar Malama ta shigo ta zauna a kujerarta tana jan hanci. Duk da haka da lokaci ya yi ta ɗago ta ce, “Iya, kun sha na rana kuwa?” Iya ta karɓi maganin ta sha tana kau da kai.

Ta ajiye tsumma, amma ba ta ajiye yaƙin ba, salo ta sauya. In Auta ya kafa tsani sai ta leƙo.

“Nan za ka huda? Ina ce bututun ruwa ta nan ubanka ya bi da shi.”

“Iya, ba ta ɗaya gefen ba ne?”

“To, kai ka sani. Ni dai ina tsaye aka yi ginin.”

Sai ya sauko, ya goge layin da hannunsa, ya zagaya da shi ta wata hanya mai nisa. Wata Asabar ta ce silin ɗin baranda ya ruɓe, kada ya hau ya faɗo mata. Wata kuma ta ce sito yana yoyo, ruwa zai ci Mai Ƙaho. Wata ta tashi da ciwon kai, ba ta son jin ƙarar inji. Shi kuwa bawan Allah bai taɓa musa mata ba. Ya sauya hanya, ya sake sauyawa, ya sayo kebul ya ajiye a kwali a gindin tsani har ƙura ta rufe shi. Malama ta ce ita a sa mata soket kusa da gado, ta dawo ta ce a'a, kusa da tebur. 'Yan biyu kowace tana son nata. Bangon baranda ya yi dabbare-dabbare, sabon alli a kan tsoho, har shi kansa Auta wani lokaci yakan tsaya ya rasa wane layi ne na gaskiya. Ta taɓa leƙowa ta gan shi zaune a kan tsani, allin a hannu, goshinsa jingine da bango, idonsa a rufe. Ta koma ciki da sauri. Gajiyarsa ta fi ƙarfin idonta, amma ɗakin yana cike, kuma ta ƙi sakewa.

Abin da ya karya ta, ta wajen Takwara ya zo. Yarinyar tana da jarrabawar baki ta kwamfuta, malamai suna kallon ta daga can, kuma sharaɗinsu shi ne ta kasance ita kaɗai a ɗaki. Ɗaki ɗaya ne a gidan mai sabis. Aka kori 'yan biyu, Malama ta ɗauke kujerarta. Aka ce Iya ta koma baranda na ɗan lokaci, amma ranar gwiwar ta kumbura, ko sauka daga gado ta kasa.

“Ba komai,” in ji ta. “Ki juya na'urarki ta kalli taga. Zan lulluɓa in yi shiru kamar ba ni.”

“Kaka, don Allah ko motsi.”

“Ke tafi can. Na shekara nawa ina jin sirrin likitoci ban yi tari ba?”

Ta ja bargo har ka. Tana jin muryar jikarta tana amsa tambaya tiryan-tiryan, har wani daɗi ya kama ta. Sai ga tarin nan ya taso daga ƙasan ƙirji. Ta danne. Ta cusa bakin bargo a baki, hawaye na zuba, ta danne har ta ga duhu. Ina! Tari ba ya jin lallashi. Ya fashe, ya sake fashewa, gado har girgiza yake. Ta ji muryar wani mutum daga cikin kwamfutar yana tambaya ko akwai wani a ɗakin. Ta ji Takwara tana rantsuwa cewa kakarta ce, ba ta da lafiya. Mutumin ya ce ya fahimta, amma doka ce, sai dai ta jira zagaye na gaba.

Takwara ta rufe kwamfutar a hankali. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta tashi ta zuba ruwa a kofi, ta tallafo kan tsohuwar ta ba ta, tana shafa mata baya, hawayenta na ɗiga a kan bargon.

“Sannu, Kaka. Ba laifinki ba ne.”

Iya Halo ta san laifin wa ne. Da ba ta taɓa allin nan ba, da tuni yarinya tana ɗakinta, ƙofa a rufe.

Asabar ɗin da ta biyo baya ita ta aika a kira Auta tun bai karya ba.

“Ɗauko injinka. Bututun nan da na ce, ina jin ta ɗaya gefen yake, kamar yadda ka faɗa. Silin ma ka hau, ubanka bai yi aikin banza ba.”

Ya dube ta da mamaki.

“Abu ɗaya nake roƙo. Ka bar min Mai Ƙaho a inda yake. Tunda dole su haɗu a wuri ɗaya, su haɗu a nan. Ai ta tagata layin ya shigo.”

“Da ma nan ya fi kusa, Iya. Don kada fitilunsa su dame ki ne na ce sito.”

“Fitila ba ta taɓa damuna ba.”

Aiki ya tafi. Asabar bayan Asabar gidan ya cika da ƙarar inji da farar ƙura. Auta ya shiga silin ya fito kamar an tono shi, gashin kansa duk yana, gwiwar hannu a ƙuje. Malama ta riƙe masa tsani, faɗan alli ya wuce. Kebul ya sauko a kowane ɗaki, ya rufe shi da farin bututu tsaf, don Auta ba ya aikin ganin ido. Duk suka dawo suka haɗu a kan durowar Iya, a jikin wani sabon akwati mai faɗi da ya ajiye a gefen Mai Ƙaho, mai ramuka a jere, kowane rami da 'yar koriyar fitila a kansa. Ranar da ya gama ya wanke bangon baranda da kansa, ya zo ya durƙusa a gabanta yana murmushi.

“Iya, yau za ki yi barci.”

“Allah ya ba ka masu yi maka,” in ji ta, kuma har zuciyarta ta faɗa.

Ba a rana ɗaya suka watse ba. Takwara ce ta fara, ita kam da dalili. 'Yan biyu suka bi. Malama ta ɗan ci gaba da zuwa don kara, tana zama tana duba ƙofa, har wata rana ta ce bari ta ɗauki kujerar, tana buƙatarta a wajen tebur. Ƙafafun kujerar suka bar shaida a kan kafet. Auta kuma in ya dawo sai ya leƙo, “Iya, sannu da gida,” ya wuce ya zube a kan gadonsa, abin da ya daɗe yana marmari.

Babu wanda ya yi mata laifi. Ana gaishe ta da safe daga bakin ƙofa. Abinci yana zuwa a kan lokaci, a rufe, mai zafi. Malama ta saita mata ƙararrawa a waya saboda magani, don kada a manta. Gado ya yi faɗi, ta miƙe ƙafa yadda take so, barcin ranar kuwa ya ƙi zuwa. Sai ta kwanta tana kallon durowa. Ba ta jima ba ta gane fitilun: ta farko ɗakin Auta da Malama, ta biyu Takwara, ta uku 'yan biyu, ta ƙarshe falo. In ta Takwara tana ƙiftawa da sauri, karatu ake yi. In ta 'yan biyu ta haukace, sun dawo daga makaranta ke nan. Duk gidan yana wucewa ta ɗakinta, tana ganin kowa, babu mai ganin ta. Wata rana ta farko ta kama, ta ji bakinta ya ce “Halo” shi kaɗai. Ta yi tsaki, ta juya wa durowar baya. Kewa ce, ba wani abu ba, kuma ta san ta tun ƙarƙashin matakala.

Wata Asabar bayan azahar, gida cike, fitilu duka suna rawa, ita kuma tun gaisuwar safe ba ta ga fuskar kowa ba. Tari ya taso mata, ta miƙa hannu ta tarar kofin ba ruwa. Ta daɗe tana kallon soket ɗin da ke gefen durowa, inda akwatunan biyu suke shan wuta. Sannan ta ɗauki sandarta, ta miƙa, ta danna makunnin. Fitilun suka mutu gaba ɗaya.

Ba a jima ba ƙofofi suka fara buɗewa. “An ɗauke!” in ji 'yan biyu daga can baya. “Baba, ya tafi!” Ta ji muryar Auta yana cewa kowa ya tsaya, zai duba. Ya shigo da rigar shan iska, ido a kumbure, da alama daga kwance aka taso shi. Ya nufi durowa, ya taɓa kebul ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa bayan akwati. Sai idonsa ya sauka a kan makunni. Ya tsaya. Ya dubi makunnin, ya dubi sandar da ke kan cinyarta, ya dubi kofin da ba ruwa, da shaidar ƙafafun kujera a kan kafet. Ita kuwa ta kafe idonta a taga kamar titi ne ya dame ta.

Bai kunna ba. Ya ɗauki kofin ya fita, ya dawo da ruwa ya ba ta. Sannan ya zauna a ƙasa, a inda ya saba, ya jingina da gado.

“Allin ma ke ce,” in ji shi. Ba tambaya ba ce.

“Ni ce.”

“Haba, Iya. Ai da kin faɗa.”

“In faɗi me? Ni da na cika gari da cewa kun hana ni sakat?” Ta ajiye kofin. “Ka yi aikinka daidai, Auta. Yarinya tana buƙatar ɗakinta. Ni ce dai ba na son zama ni kaɗai. Shi ke nan, na faɗa. Tashi ka kunna musu.”

“Bari tukuna.”

Ta jira ya ƙara wata magana, ko ya ce zai gyara, tunda shi komai sai ya gyara. Bai ce ba. Wannan matsalar ba ta da soket, ba ta da hanyar da za a zana da alli, kuma mutumin ya gaji. Kansa ya rinjaya a hankali har ya sauka a kan ƙaurinta, numfashinsa ya yi nauyi. Ta ga furfura a ƙeyarsa, wadda ba ta san ta kai can ba.

Daga baranda ta ji takun ƙafafu suna tahowa, na 'yan biyu a gaba, silifas ɗin Malama a baya. In ta bar makunnin nan yadda yake, yanzu ɗakin zai cika. Za su tsaya cirko-cirko, wata ta hau gado, ta samu ƙafar da za ta make. Sai ta ji muryar Takwara daga nesa, a tsorace: “Mama, ku ce Baba ya yi sauri, yau ne fa ake gwada mu kafin jarrabawar.”

Iya Halo ta lumshe ido. Ta ɗauki sandar, ta miƙa a hankali don kada ta motsa ƙafarta, ta danna.

Fitilun suka dawo ɗaya bayan ɗaya. “Ya dawo!” in ji wata daga cikin 'yan biyu. Takun ya tsaya, ya juya, ya yi nisa. Ƙofofi suka rufe.

Auta bai farka ba. Ƙafar da ya ɗora wa kai ita ce mai ciwon, ta fara sagewa tun daga gwiwa, zafin yana hawa har ƙugu. Ta ajiye sandar a gefe, ta ja gefen bargo ta rufa masa kafaɗa, ta ɗora tafinta a kansa. Ba ta janye ƙafar ba.